Ƙurajen fuska sun hana ƙanwata shiga mutane, me ya kamata mu yi?

Wata malamar firamare daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim ta aiko da tambaya game da ƙanwarta mai shekara 17, wadda ƙuraje suka feso mata a fuska tun shekara biyu da suka wuce. Ta ce an sayo mata wani man shafawa a kemis, fuskar ta yi sumul har ta ƙara haske na wasu makonni, daga baya ƙurajen suka dawo fiye da da, ga baƙaƙen tabo a kumatu da goshi. Yanzu yarinyar ta daina zuwa Islamiyya, ba ta zuwa biki ko suna, idan an aike ta sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, wasu kuma a gida suna cewa jini ne ya yi mata yawa, aure ne maganinta. Malamar tana neman sanin maganin ƙurajen, da yadda za su yi da halin da yarinyar ta shiga.

Malama, Allah ya saka miki da alheri da kika lura da halin ƙanwarki, domin a gidaje da yawa ƙurajen ake gani, shirun da yarinya ta shiga kuwa sai a ɗauke shi a matsayin kunya ko miskilanci. Zan fara da bayanin fatar, tunda sai an san abin da ke faruwa a cikinta za a gane dalilin da ya sa man da aka sayo ya ƙara dagula al'amari. Amma ina so ki riƙe tun yanzu cewa barin Islamiyya da gudun taro suna cikin ciwon da za a yi wa magani, kuma bai kamata a jira fuska ta warke kafin a waiwaye su ba.

A fatar fuska da ƙirji da gadon baya akwai ƙananan ƙofofin gashi masu yawan gaske, kowacce da 'yar jakar da ke samar da maiƙo a gindinta. Idan yaro ko yarinya suka kai balaga, sinadaran jiki da ake kira androjin suna ƙaruwa, jakunkunan su ƙara girma, maiƙon ya yawaita. Matattun ƙwayoyin fata da ya kamata su zube sai su cakuɗu da maiƙon su toshe ƙofar, kamar yadda ganye da laka suke toshe rariyar gida da damina. Toshewar da bakinta yake rufe ita ce ƙaramin farin ƙurji, wadda bakinta yake buɗe kuma takan yi baƙi saboda iska ta taɓa abin da ke ciki, baƙin nan ba datti ba ne. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Cutibacterium acnes da ke zaune a fatar kowa, mai ƙuraje da marar ƙuraje; idan ta sami ƙofa a toshe sai ta hayayyafa, garkuwar jiki ta tashi yaƙarta, wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya tara mugunya. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin 100 na masu shekara 12 zuwa 24 suna yin waɗannan ƙuraje, kaɗan ko da yawa, kuma wanda iyayensa suka yi fama da su ya fi kusa da yin masu tsanani. Ba a ɗaukar su ta hanyar cin abinci a kwano ɗaya ko aron mayafi.

Daga wannan bayani za ki ga cewa maganar yawan jini ba ta da tushe, haka ma maganar aure. Matan aure masu ƙuraje suna zuwa asibiti kullum, wasu juna biyu ne ya tayar musu da su, wasu kuma allurar tazarar haihuwa ko ashanar da ake sanyawa a dantse. Abinci yana da ɗan tasiri a wajen wasu mutane, kuma abin da bincike ya fi nunawa shi ne yawan sukari da lemon kwalba da farin burodi da makamantansu. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli da ƙwai, waɗanda aka fi ɗora wa laifi a wajenmu, babu ƙwaƙƙwarar hujja a kansu, kuma a ganina hana yarinya mai tasowa a ƙauye cin gyaɗa da wake da ƙwai asara ce, domin su ne abincin gina jiki mafi sauƙin samu a hannunta.

Man da aka sayo a kemis shi ne abin da ya fi damuna a fannin fata. Yadda kika siffanta shi, wato fuska ta yi sumul da haske cikin ɗan lokaci sannan ƙuraje su dawo da ƙarfi, ya yi kama ƙwarai da aikin maganin kumburi mai ƙarfi da ake kira sitiroyid. Ki ɗauko kwalin ki duba ko za ki ga sunan clobetasol ko betamethasone a jikinsa. Suna cikin mayukan da ake tallatawa da cewa suna aiki uku a lokaci ɗaya, kuma sau da yawa suna cikin haɗin da ake zubawa a roba marar suna a sayar ranar kasuwa ko a wajen masu gyaran jiki. Waɗannan magunguna suna da amfaninsu idan likita ya rubuta su don wasu cututtukan fata na ɗan gajeren lokaci, amma ba maganin ƙurajen balaga ba ne. Abin da suke yi shi ne danne kumburi da tsuke ƙananan jijiyoyin jini, shi ya sa fuska take lafawa ta yi fayau. Idan aka ci gaba da shafawa, fatar takan yi laushin da ya wuce ƙa'ida har jijiyoyi su bayyana, gashi ya fito a kumatu, ƙyasbi da makero su sami wurin zama, sannan man da kansa ya haifar da wasu ƙuraje ƙanana masu kama ɗaya da ke fitowa a jere. Ranar da aka daina kuma fuska takan yi raɗaɗi, ta yi ja, ta riƙa saɓa na wasu makonni, sai yarinya ta firgita ta koma wa man, a haka wasu suke shafe shekaru. Saboda haka dole a bar shi, amma a gaya mata tun kafin a bari cewa fuskar za ta ɗan ƙara lalacewa kafin ta daidaita, don kada ta zaci an cuce ta. Idan ta yi watanni tana shafawa, ya fi kyau ma'aikacin lafiya ya tsara mata yadda za ta rage shi sannu a hankali.

Ki kuma bincika, cikin lalama, ko tana haɗawa da man bilicin. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ambaci cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da kayan ƙara hasken fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Yarinyar da tabo ya dame ta ita ce ta fi saurin faɗawa hannun masu wannan sana'a. Sinadarin hydroquinone idan an daɗe ana shafa shi yana barin wani irin baƙi a kan ƙashin kumatu wanda yake da wuyar fita, zaibar da ake sakawa a wasu mayukan kuma tana lalata ƙoda. Haka nan ƙwayoyin ƙiba da 'yan mata suke kira sha-ka-fashe, galibi akwai dexamethasone a cikinsu, shi ma dangin sitiroyid ne, kuma yana feso ƙuraje a fuska da ƙirji da baya.

Game da tabon kuwa, akwai bayanin da nake so ki isar mata da bakinki, domin sau da yawa shi ne abu na farko da ke sanyaya zuciyar mai wannan lalura. Baƙar fata irin tamu, duk inda ta kumbura, takan tara launi a wurin bayan kumburin ya saɓe. Wannan baƙin da yake shafe, wanda idan aka shafa hannu ba a jin rami ko tudu, yana dusashewa da kansa, ko da yake yakan ɗauki watanni, wani lokaci ya haura shekara. Wanda ba ya tafiya da kansa shi ne tabo mai rami, da mai tudu da kan fito a muƙamuƙi ko ƙirji. Duk abin da ke ƙara wa fata kumburi yana ƙara tabo: matsa ƙurji da farce, dirje fuska da soso, shafa lemon tsami ko tafarnuwa ko man goge baki ko toka, da yin dilka a kan fuskar da ke da ɗanyen ƙurji. Wanda ya matsu ya ga fuskarsa ta gyaru cikin mako guda yakan yi duk waɗannan, garin neman gira ya rasa ido.

Maganin da ya dace ba shi da yawa, sai dai yana buƙatar juriya. Ta wanke fuska da sabulu marar kaifi sau biyu a rana, safe da dare, da tafin hannu kawai. Ruwan alwala ba ya cikin lissafi kuma ba ya cutarwa. Sabulun salo da sabulai masu maganin kashe ƙwayoyin cuta sukan busar da fuskar wasu har ta tsage, idan ta ga haka ta canja. Man kitso da basilin da man shanu su tsaya a gashi da jiki, kada su gangaro goshi, kuma bakin hijabin da ke goga goshi da haɓa a riƙa wanke shi akai-akai, musamman da bazara lokacin da gumi ya yi yawa. Da safe ta shafa benzoyl peroxide mai ƙarfin kashi 2.5 ko 5 cikin 100, shafi marar kauri, ta kuma sani cewa yana cin launin tufafi, don haka ta bari ya bushe kafin ta sa mayafi. Da dare ta shafa adapalene mai ƙarfin kashi 0.1 cikin 100, gwargwadon ƙwayar wake ɗaya ga fuskar gaba ɗaya, a duk yankin da ƙuraje ke fitowa, domin aikinsa hana sababbi toshewa ne. A makonnin farko ta riƙa tsallake dare ɗaya ko biyu, tunda yakan kawo bushewa da ɗan raɗaɗi, kuma da hunturu za ta buƙaci man shafawa marar nauyi a kansa. Ba a fara ganin sauƙi kafin mako 6 zuwa 8, ba a kuma yanke hukunci cewa magani bai yi ba sai an cika mako 12. Mafi yawan waɗanda suke cewa sun gwada komai bai yi ba, idan aka bi diddigi, sai a tarar babu maganin da suka riƙe har wata guda. A sayi maganin a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Rana tana ƙara wa tabo duhu, saboda haka idan za ta gona ko kasuwa ta sa malafa ko ta nemi inuwa. Mace mai juna biyu ko mai neman samu ba ta shafa adapalene. Azelaic acid ake ba ta, wanda yake taimakawa wajen tabo ma.

Maganin sha irin su doxycycline likita ne yake rubuta shi idan ƙurajen sun yi yawa kuma sun kumbura, na kimanin wata uku, tare da na shafawa, kuma ba a ba mai juna biyu. Al'adar sayen kafso biyu ko uku a sha duk lokacin da ƙurji ya fito, ko a fasa kafso a shafa garinsa a fuska, ba ta warkar da komai, sai koya wa ƙwayoyin cuta jure wa magani. Ga masu manyan ƙuraje masu zurfi da ke barin rami akwai isotretinoin, wanda aka fara amfani da shi a Amurka a 1982, kuma babu maganin da ya kai shi aiki. Sai dai yana nakasa jariri a ciki ƙwarai da gaske, don haka ƙwararren likita ne kaɗai ke ba da shi bayan gwajin juna biyu da tsari mai tsauri, kuma a wajenmu da ake iya ɗaura wa yarinya aure cikin 'yan watanni, wannan magana ce da ake yi a fili da ita da iyayenta kafin a fara.

A 1999 an buga wani bincike a mujallar likitocin fata ta Birtaniya wanda ya nuna cewa masu ƙurajen fuska da aka tura wa ƙwararru suna bayyana damuwa da takurar mu'amala daidai da masu asma ko farfaɗiya ko ciwon sukari. A 2018 wasu masana na jami'ar Calgary a Kanada suka duba bayanan marasa lafiya na Birtaniya, suka gano cewa a shekarar farko bayan an tabbatar wa mutum da wannan lalura, haɗarin kamuwa da ciwon damuwa mai tsanani ya fi na sauran mutane da kashi 63 cikin 100. Abin da likitocin fata suka daɗe da sani kuma shi ne yawan ƙuraje ba ya nuna yawan damuwa. Wata mai ƙuraje biyar tana iya shiga ƙunci fiye da wadda fuskarta ta cika. Don haka abin da ƙanwarki take yi ba shagwaɓa ba ce.

A ƙauye abin yana da nauyi na musamman, domin babu inda za ta je ba a san ta ba. A bakin rijiya, a wajen niƙa, a layin Islamiyya, duk wadda ta gan ta sai ta tambayi abin da ya sami fuskarta, kowace baƙuwa kuma da maganin da za ta faɗa. Taubasai da kakanni suna da lasisin tsokana, su kira ta mai bar-ni-da-mugu a tsakar gida a yi dariya, ita kuma tarbiyya ta hana ta mayar da magana, sai ta haɗiye. Ga shi shekarun da take ciki su ne lokacin da ake auna 'yan mata da juna, ana lissafin wadda ake sallama da ita da wadda ba a yi, kuma hotunan da take gani a waya an tace su har babu fuskar da ke da ƙofar gashi. Mafi ciwo a cikin duka ita ce maganar cewa aure take so, domin a kunnen budurwa wannan zargi ne a kan kamun kanta, an kuma yi shi a gaban mutane a kan abin da ba ta da iko da shi. Ina roƙonki ki sami Inna da Baba a keɓe ki yi musu bayanin da na yi miki, ki nemi a daina zancen fuskarta a gidan gaba ɗaya, har da na tausayi, a bar mutum ɗaya, wato ke, ya riƙa kula da maganin. Idan akwai mai gardama, aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana izgili da jifan juna da sunayen banza, kuma wasa bai fitar da kowa daga wannan hani ba. Malamarta ta Islamiyya ma ta cancanci a sanar da ita, domin ita ce za ta tsawata wa 'yan aji.

Ita kuma yarinyar, kada ki zaunar da ita gaba da gaba kamar mai laifi. Ki same ta lokacin da kuke wani aiki tare, kitso ko tsintar shinkafa, ki tambaye ta abin da ya fi ɓata mata rai, sannan ki yi shiru ki ba ta lokaci. Ki guji cewa ba komai ba ne, ko wasu sun fi ta shiga uku, domin waɗannan kalmomi suna koya mata cewa babu amfanin faɗa miki. Ya fi kyau ta ji kin yarda abin da ciwo, yana da magani, kuma za ku bi shi tare na wata uku. Kada a ƙwace mayafin, kada kuma a tilasta mata zuwa gidan biki. Amma zaman ɗaki yana ƙara tsoron mutane, saboda haka a fara da kaɗan: ta raka ki gidan 'yar'uwa ɗaya, bayan kwanaki ta koma Islamiyya tare da ƙawar da ta yarda da ita, a haka har ta saba, tun ƙurajen suna nan. Idan hoda marar maiƙo za ta ƙara mata ƙwarin gwiwar fita, ta shafa, ta wanke kafin barci. Yawan duba madubi yana jawo matsa ƙurji, don haka ya fi amfani a ɗauki hoton fuskar da waya duk mako biyu, a wuri ɗaya da haske ɗaya, domin sauƙin da ido ba ya gani kullum hoto yana nuna shi. Duk abin da ta iya kuma ake yaba mata a kai, hadda ce ko ɗinkin hula ko girki, a mayar da ita kansa. Rashin barci da yawan tunani suna tayar da ƙuraje, don haka samun natsuwarta yana taimakon fatar ma.

Akwai alamomin da idan kin gan su al'amarin ya wuce lallashin gida. Idan ta haura mako biyu cikin baƙin ciki kusan kullum, barci ko cin abinci ya lalace, tana kuka a ɓoye, abin da take so a da ya daina burge ta, ko tana cewa ba ta da amfani, to ciwon damuwa ne ake tsoro, kuma yana da magani kamar kowane ciwo. Idan kika ji ta ce gara ta mutu ta huta, ko da cikin wasa, ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin cutar da kanta. Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin, sau da yawa sauƙi take kawowa. Idan ta amsa da e, kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da fiya-fiya da maganin feshin gona da shinkafar ɓera daga inda hannunta zai kai, a kai ta asibiti a ranar. Addu'a da neman magani suna tafiya tare, amma kada a ce aljanu ne a tsaya nan. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai kuma asibitocin da suka keɓanta da wannan fanni a Kazaure da Dawanau.

Ko babu waɗannan alamomi, shawarata ita ce a kai ta babban asibitin Ringim a duba fuskar, domin ƙurajen zafi da wasu ƙuraje masu ƙaiƙayi da naman gwari ke kawowa suna kama da na balaga alhali maganinsu daban ne, kuma barin man da ta saba da shi yana son kulawa. Idan akwai manyan ƙuraje masu zurfi, ko rami ya fara bayyana, ko an cika wata uku babu sauƙi, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko wajen likitocin fata a Aminu Kano. Ku tafi da duk mayuka da sabulai da ƙwayoyin da ta taɓa amfani da su, har da robar da ba ta da suna. Za a tambaye ta game da al'adarta, domin al'ada mai tsallake watanni tare da gashi a haɓa da ƙaruwar ƙiba tana nuna matsalar sinadaran ƙwan mace, wadda ke buƙatar nata gwajin. Saboda wannan tambaya ya fi dacewa ke ki shiga da ita wajen likita, Baba ya jira a waje. Kuma ki faɗa wa likitan a fili cewa ta bar Islamiyya kuma ba ta shiga mutane, ko da bai tambaya ba. Ƙa'idojin da hukumar NICE, mai tsara wa likitocin Ingila hanyoyin magani, ta fitar a 2021 sun nuna cewa damuwa mai ɗorewa dalili ce ta tura mai ƙuraje wajen ƙwararre komai ƙanƙantar ƙurajen, kuma likitan da ya ji wannan bayani zai iya zaɓar magani mafi ƙarfi tun farko, ya kuma sa muku ranar dawowa kusa.